Yadda ake renon anturiyum a tukunya ba tare da saiwarsa ta ruɓe ba

Anturiyum na farko da na saya, ni na kashe shi da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya. A bakin titi na gan shi a Abuja, wurin masu sayar da fulawa. Ganyensa kore shar mai siffar zuciya, ga wani jan faifai mai sheƙi kamar an shafa masa mai, da 'yar sanda rawaya tsaye a tsakiyarsa. Sai da na taɓa kafin na yarda ba roba ba ne. Na ce wa mai sayarwa, "Malam, me yake ci?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa kawai da inuwa." Da na iso gida sai na samo baƙar ƙasar fadama, na gauraya da takin shanu, na danna shi a ciki kamar mai dashen tumatir, ina ba shi ruwa safe da yamma. Ba a yi mako shida ba ganyen ya yi rawaya ya sunkuya. Da na zazzage tukunyar, saiwar ta yi baƙi ta narke, tana wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa.

Kuskuren ɗaya ne, kuma shi ke kashe mafi yawan waɗanda ake saya: wannan tsiro ba ɗan ƙasa ba ne. A inda ya fito, a kan reshen bishiya yake zaune.

Sunansa na ilimi Anthurium andraeanum. Asalinsa dazuzzukan ruwa na Kolombiya da Ekwado ne, a gangaren tsaunukan Andis da ke fuskantar tekun Fasifik. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, Édouard André, shi ya ɗauko shi daga Kolombiya a 1876 ya aika Turai, aka kuma laƙaba wa tsiron sunansa. Kalmar anturiyum kuwa daga Girkanci take, haɗin "fure" da "wutsiya", saboda 'yar sandar nan. Danginsa sun haura nau'i 1,000, daga Meziko har arewacin Ajantina da tsibiran Karibiyan, kuma dukkansu 'yan gida ɗaya ne da gwazar da muke ci. Wanda ya taɓa ganin gwaza ta yi fure zai gane kamar nan take.

Kada ka ɗauka irin zaman kauci yake yi. Kauci yana huda reshe ya tsotse ruwan bishiya har ya raunana ta. Anturiyum ɗan haya ne kawai: saiwarsa mai kauri tana manne wa ɓawo, tana kutsawa cikin gansakuka da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a gwiwar reshe, tana shan ruwan sama da ya gangaro. A yankin Choko na Kolombiya, garin Kibdo kan samu ruwan sama sama da milimita 7,000 a shekara, Kano kuwa da ƙyar take kai 1,000. Amma duk yawan ruwan nan saiwar ba ta kwana a cikinsa, domin yana zuba yana wucewa, iska kuma tana bi ta kanta. Jiƙa, tsane, shan iska. Duk abin da zan faɗa a ƙasa ƙoƙarin kwaikwayon wannan ne a cikin tukunya.

Da farko, wurin saye

Kada jan faifan ya ɗauke maka hankali, saiwa za ka duba. Roƙi mai sayarwa ya ɗan zare tsiron daga leda. Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai ɗan ruwan hoda, mai kauri kamar taliya, in ka matsa ba ta lotsawa. Baƙa mai laushi, bar masa kayansa. Juya ganye ka duba bayansa ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga. Ka kuma lura da gefen ganye: in akwai tabo mai kama da jiƙon mai, kewaye da rawaya, wannan cutar bakteriya ce da ba ta da magani. Ita ce ta durƙusar da gonakin anturiyum a tsibiran Hawayi na Amurka a shekarun 1980, bayan tsiron ya shafe kusan ƙarni a can tun da wani ɗan kasuwa, Samuel Damon, ya kai shi a 1889. Zaɓi mai ganye huɗu zuwa sama, da sabon toho a tsakiya. In akwai 'ya'ya a gindi, ka ci riba, za mu zo kansu.

Haɗa abin da zai zauna a ciki

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe. Ban ce ƙasa ba da gangan, domin babu ƙasa a cikin haɗin.

Nemi ɓawon kwakwa, wato busasshen zaren nan na waje da masu sayar da kwakwa ke zubarwa. Sara shi da adda gutsi-gutsi, kowanne kamar girman dabino. Jiƙa shi a bokiti kwana uku zuwa biyar, kana zubar da ruwan kullum kana sake sabo. Ruwan farko zai fito ja kamar shayi, kuma a cikinsa akwai gishirin da ke ƙona bakin saiwa. Kada ka tsallake wannan jiƙon don gaggawa. Sai gawayi na itace, wanda ake girki da shi. Farfasa shi daidai girman gutsin kwakwar, ka wanke garin ya fita. Gawayi na ce, ba toka ba. Anturiyum yana son mazauni mai ɗan tsami kaɗan, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami, toka kuwa kanwa-kanwa ce, tana juya shi ɗaya gefen. Na uku, tsingaro, wato fasasshiyar tukunyar ƙasa, ko fasasshen jan bulo. In kana samun busasshen ɓawon itace mai tauri, shi ma ya yi.

Awon da nake yi da gwangwani ɗaya: kwakwa biyu, gawayi ɗaya, tsingaro ɗaya, sai rabin gwangwani na ruɓaɓɓen ganye irin wanda ke taruwa a gindin mangwaro, wanda ya yi baƙi ya dagargaje. Wanda ke gari irin Kalaba, inda iska ke da laima, ya rage kwakwa ya ƙara gawayi. Wanda ke Sakkwato ko Maraɗi ya ƙara kwakwa, don ita ke riƙe danshi. Buntun shinkafa yana shiga in an ɗan ƙona shi, amma ɗanyensa yana saurin dunƙulewa, ni dai na daina sa shi.

Gwajin haɗin mai sauƙi ne. Cika tukunya, zuba ruwa kofi ɗaya. In ya fito ta ƙasa kafin ka ƙirga goma, ya yi. In ya tsaya a sama yana kallonka, akwai gari da yawa, ka tankaɗe.

Tukunya kuma kada ta yi girma. Yatsa biyu tsakanin dunƙulen saiwa da bango ya isa. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba za ta iya shanyewa ba, tsakiyarta ta zauna a jiƙe kwana da kwanaki. Ta ƙasa ko ta roba? Ni ta ƙasa na fi so a garin zafi, saboda tana sanyaya saiwa yadda randa ke sanyaya ruwa, sai dai tana saurin bushewa, dole ka riƙa leƙawa. In ta roba ce gare ka, ɗora ƙusa a wuta ka huda ta ƙasa da gefe-gefe, huji goma ma bai yi yawa ba.

Dashen kansa

Yi shi da yamma, kuma farkon damina ya fi kowane lokaci. Zare tsiron, ka tsoma gindin a bokitin ruwa ka kaɗa a hankali har tsohuwar ƙasar ta fita. Saiwar tana karyewa kamar ɗanyen karas, sai da lallami. Ƙona bakin almakashi a wuta, bar shi ya huce, ka yanke duk saiwar da ta mutu. Shimfiɗa tsingaro a ƙasan tukunya, riƙe tsiron a tsakiya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana zuba haɗin. Maimakon dannawa, bubbuga gefen tukunyar ya zauna da kansa. Inda ganye ke fitowa daga kara ya tsaya a saman haɗin, kada ka binne shi. In yana rangaji, kafa masa ɗan tsinke ka ɗaure da tsumma. Ba shi ruwa sau ɗaya har ya zubo, ka ajiye shi a inuwa mai kauri mako biyu, ba taki.

Ka sa safar hannu ko leda in fatarka ba ta da juriya. Ruwan jikinsa yana da ƙananan allurai na gishirin kalsiyam okzalet, waɗanda su ne ke sa ɗanyar gwaza ƙaiƙayin maƙogwaro. Saboda haka a ɗaga shi daga inda yaro mai rarrafe ko kyanwa za su kai. In yaro ya tauna, a wanke masa baki, a ba shi ruwan sanyi ko madara, in leɓe ko harshe ya kumbura a kai shi asibiti ba jira.

Inda za a ajiye shi

Haske mai yawa, rana babu. Baranda mai fuskantar gabas, inda hantsi bai kai ba sai sanyin safiya, ko ƙarƙashin mangwaro mai duhun ganye. Ga gwaji: da tsakar rana ɗaga tafinka sama da tsiron. In inuwar hannun ta fito da yatsu rarrabe tsaf, rana ta yi yawa. In ta fito dishi-dishi, nan ne wurinsa. In babu inuwar sam, duhu ya yi yawa, zai rayu amma ba zai yi fure ba, kuma wannan ne dalilin da na falo ke shekara yana ganye kawai. Masu gonarsa kan rufa ragar inuwa mai tare kusan kashi 75 cikin 100 na hasken rana.

Zafin da ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 ne zuwa 28. Ƙasa da 15 yana tsayawa cak, sama da 35 kuma gefen ganye na ƙonewa, jan faifan ya koɗe. Ka ga ke nan bazarar arewa, inda ake kai 40 a Afrilu, ba wasa ba ce gare shi. A watannin nan sauke shi ƙasa, wuri mafi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka da rufin kwano. Kada kuma a sa shi daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki, busasshiyar iskarta ta fi zafin illa.

Ruwa, da maganar hunturu

Ba a ba shi ruwa da kalanda. Tura yatsa cikin haɗin har gaɓa ta biyu. In da danshi, wuce abinka. In ya bushe, zuba ruwa sosai har ya zubo ta ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti. A bazara wannan kan zama kullum ko bayan kwana ɗaya, a tsakiyar damina kuwa sai a yi kwana biyar ba a taɓa shi ba. Da safe ake bayarwa, a gindi, ba a kan ganye ba.

Ruwan sama ya fi kowanne, in da hali ka tara. Ruwan da ke ɗiga daga bayan na'urar sanyaya ɗaki ma yana da kyau, ba shi da gishiri. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe. Na rijiyar burtsatse ya danganta da unguwa: in ka ga farin ɓawo yana taruwa a bakin tukunya, gishiri ne, sai ka riƙa wanke haɗin da ruwan sama ko ka sauya ruwa.

Babban abokin gabarsa a wurinmu hunturu ne. Tsiron ya saba da iska mai laima kashi 70 zuwa 80, hunturun Kano kuwa yakan sauke ta ƙasa da 20. Yadda leɓenka ke tsagewa, haka sabon ganyensa ke maƙalewa ya fito a murɗe. Mutane da yawa sai su ƙara masa ruwa a gindi, su ruɓar da shi, alhali iska ce ta bushe ba saiwa ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne na mayar da shi kusa da randa, a lungun da iska ba ta bugawa, na tara sauran tukwanen fulawa kewaye da shi, na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙasa. Faranti mai faɗi da tsakuwa da ruwa, tukunya a kan tsakuwar ba cikin ruwan ba, shi ma yana taimakawa. Feshin ruwa a ganye kuwa amfaninsa na minti kaɗan ne, kuma in ganye ya kwana a jiƙe ka buɗe wa cutar bakteriyar nan ƙofa. Gara ka goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako.

Taki kaɗan-kaɗan

A kan reshe abin da yake samu bai wuce kashin tsuntsu da ruwan ruɓaɓɓen ganye ba, don haka cikinsa ƙarami ne. Kada ka barbaɗa masa takin zamani kamar masara, kada kuma ɗanyen kashin kaji ya kusance shi. Ɗebi rubu'in ƙaramin cokali na NPK 15-15-15, jiƙa shi ya kwana a ruwa lita huɗu, ka tace. Ba shi wannan sau ɗaya a mako biyu, bayan ka riga ka jiƙa haɗin da ruwa zalla. Da sanyin Disamba da Janairu, a dakata. In bakin ganye ya fara ƙonewa alhali danshi bai gaza ba, taki ya yi yawa, kwarara masa ruwa ya wanke.

In komai ya daidaita, kowane sabon ganye yana zuwa da fure ɗaya a hammatarsa, kuma faifan kan yi mako shida zuwa takwas bai koɗe ba. Af, faifan nan ba shi ne furen ba, ganye ne da ya rikiɗe. Furannin ƙanana ne birjik, jere a jikin sandar.

Ƙwari kuwa ba su da yawa. Farin ƙwaro mai auduga a goge shi da auduga da aka tsoma a sifirit. Jan gizo-gizo mitsitsi da ke zuwa da hunturu, ya bar ganye da ɗigo-ɗigon fari, a wanke bayan ganyen da ruwan sabulu mai rauni da ɗan man darbejiya, da yamma. Gara tana son ɓawon kwakwa, saboda haka ɗora tukunya a kan bulo ko benci. Dodon koɗi da damina, a tsince shi da dare da tocila.

Yadda ake ƙara yawansa

Hanya mafi sauƙi ita ce raba 'ya'ya. Jira ɗan ya yi ganye uku da saiwarsa ta kansa biyu ko uku, sannan ka raba shi da uwar da wuƙar da ka ƙona, ka barbaɗa garin gawayi a kan yankan, ka bar shi ya sha iska awa ɗaya kafin dashe.

Bayan shekara biyu ko uku za ka ga karan ya yi tsawo ya fito daga tukunya, saiwoyi na leƙowa a jikinsa suna neman abin kamawa. Halinsa na hawa bishiya ke nan ya motsa. Naɗe wurin da jiƙaƙƙen zaren kwakwa, in saiwoyin sun shiga ciki sun yi tsawon yatsa, yanke kan daga ƙasansu ka dasa daban. Kada ka zubar da kututturen, zai sake toho. Wannan ne kuma lokacin sauya haɗin, domin kwakwa tana ruɓewa ta zama laka, ka koma gidan jiya.

Mai haƙuri yana iya gwada iri. Furannin sanda ɗaya ba sa barbarar kansu da sauƙi, saboda ɓangaren mace ke fara nuna, za ka ga sandar tana naso da ɗan danƙo, sai daga baya garin namiji ya fito. Don haka sai da sanda biyu: shafo garin ɗaya da ɗan burushi mai laushi ka shafa wa mai danƙon, safiya uku a jere. In ya kama, sandar za ta yi ƙuraje, bayan wata shida zuwa bakwai 'ya'yan su nuna, kowanne da ƙwaya ɗaya ko biyu. Matse su, wanke yauƙin, ka shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen zaren kwakwa nan take, ba a binnewa, ba a kuma ajiye su don ba sa jure bushewa. Rufe da leda mai haske. Fure sai bayan shekara biyu zuwa uku, kuma ba lallai ya yi kama da uwar ba.

Dalilin rashin kamar shi ne, wanda ke kasuwa ba ainihin na daji ba ne. Haɗe-haɗen barbara ne na sama da shekara 100, yawancinsu daga kamfanonin Holan, inda ake hayayyafa su dubbai a kwalabe daga ɗan guntun ganye. Shi ya sa ake samun fari da hoda da kore har da mai ruwan kunkumadi. Wannan yana da daɗin ji ta fuska ɗaya, domin sayen irin wannan ba ya taɓa daji. Amma yawansa a tukwane bai ce komai ba game da halin da na dajin ke ciki. Mafi yawan dajin gangaren yammacin Ekwado an riga an sare shi don ayaba da kwakwar manja da kiwon shanu, a Choko kuma ga masu katako da masu haƙar zinariya. Tsiron da gidansa reshe ne, ranar da bishiyar ta faɗi ya faɗi. Yawancin danginsa kuma ba su da faɗin ƙasa, wani nau'in a kwari ɗaya ko tudu ɗaya kawai ake samunsa, kuma da dama daga na Ekwado suna cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. Thomas Croat na lambun binciken tsirrai na Misuri a Amurka ya shafe shekaru da dama yana ba sababbin nau'o'i suna, wasunsu daga dazukan da ake cikin sarewa.

Inda wannan ya shafe ka a matsayin mai saye shi ne in sha'awa ta kai ka ga manyan danginsa masu tsada, irin su Anthurium veitchii mai dogon ganye mai gurbi-gurbi da ake kira sarki, da Anthurium warocqueanum mai ganye kamar karan-miski da ake kira sarauniya, dukkansu 'yan Kolombiya. Farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a lokacin kullen korona a 2020, abin da ya sa wasu suka shiga daji suna ɓamɓaro su. Na daji yana da alama: kara mai kauri da aka datse, saiwa guntaye a yayyage, tsofaffin ganye masu huji da gansakuka, ba ƙaramin toho ko ɗaya. Na gandun reno kuwa ƙarami ne, saiwarsa ta zagaye tukunya ta ɗauki siffarta. Tambayi mai sayarwa daga iri ne ko daga yanka, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka. Kuma kada ka fara da su. Sarauniyar nan ko a Jos sai an yi mata akwatin gilashi ko rumfar leda kafin ta ga bayan hunturu ɗaya, a Kano kuwa sai ka fara fitar da jan nan na bakin titi daga Nuwamba zuwa Mayu da ganyensa cikakke tukuna.